Digiri na biyu a fannin raya ƙasa: ABU ko Ingila?

Ƙanena, ka ce ka karanci ilimin zamantakewa, ka yi hidimar ƙasa, yau shekara biyu kana aiki da wata ƙaramar ƙungiya da ke shiga ƙauyukan Giwa da Soba, kuma kana da mata da ɗa ɗaya. Kana tambaya ko ka yi digiri na biyu a fannin raya ƙasa a nan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, ko ka nemi Ingila ko da za a sayar da filin gado a biya. Ra'ayina shi ne: in an ɗauki nauyinka baki ɗaya, tafi Ingila. In ba a ɗauka ba, yi a gida. Filin kuwa kada a taɓa shi.

A Ingila, sunan da za ka fi ji shi ne cibiyar nazarin raya ƙasa ta IDS da ke harabar Jami'ar Sussex a Brighton. An kafa ta a 1966, kuma ta yi shekaru tana zuwa ta ɗaya a jerin makarantun wannan fanni na duniya. Akwai kuma jami'o'in SOAS da LSE a Landan, da ta Manchester, da ta East Anglia. Karatun shekara ɗaya ne cur: a shiga a watan Satumba, a yi kamar wata tara ana aji, sauran watannin a rubuta kundi. Za ka zauna aji ɗaya da ɗan Kenya da 'yar Bangaladash, kowa ya kawo labarin yadda aikin rijiya ko na rancen mata ya kaya a ƙasarsu, malamanka kuma su ne masu rubuta rahotannin da masu ba da tallafi ke karantawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma takardar tana buɗe ƙofa a ofisoshin Abuja. Amma wata uku ba ya isar mutum ya zauna da manoma ya ga damina ta shiga ta fita, don haka akasarin kundayen a ɗakin karatu ake rubuta su, daga alƙaluman da wasu suka tattaro.

Nan ne Zariya ta fi ƙarfi, kuma ina jin takaicin yadda 'ya'yanmu ba su san haka ba. Daga tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya yi bincike a cibiyar binciken aikin gona ta ABU, wato IAR da ke Samaru, yana bin manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi gida-gida, gona-gona. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Bincikensa ya nuna dabara ce: tana rage asara in damina ta gaza, tana kuma ba manomi riba mai kyau a kan ƙarfin da ya zuba. Aikin nan yana cikin tubalan da aka gina binciken tsarin noma a kansu a duniya. Hanwar da gari ya haɗiye yanzu, ita ce dai. Kai kana jin Hausa, masu unguwanni sun san fuskarka, kana da babur ɗin zuwa. Ɗalibin Brighton ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Sai dai a ABU fannin a warwatse yake, dole ka zaɓi ƙofar shiga. A harabar Kongo akwai sashen ƙananan hukumomi da nazarin raya ƙasa, ga wanda hankalinsa ke kan mulki da kasafin kuɗi da yadda aiki ke isa ga talaka. A Samaru akwai tattalin arziki, da tattalin arzikin noma, da fannin faɗakar da manoma da raya karkara, ga IAR da cibiyar faɗakar da manoma ta NAERLS a kusa. Kada sunan kwas ɗin hulɗar ƙasa da ƙasa da diflomasiyya ya ruɗe ka. Kwas ne mai kyau, amma hanyarsa daban, ba ya kai ka ga aikin da kake yi a Soba. Matsalar karatun gida ita ce lokaci. A takarda shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, amma a jami'o'in gwamnati yakan ja: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, kuma malami ɗaya kan duba ɗalibai da yawa. Kafin ka sayi fom, je sashen da ƙafarka, ka tambayi waɗanda ke ciki yaushe suka shiga, wane malami ne kuma ke dawo da babi a kan kari.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na ce a bar filin. Kuɗin makaranta kaɗai a manyan jami'o'in Ingila ya haura fam 20,000, ban da haya da abinci da biza da gwajin tarin fuka, da harajin lafiya na fam 776 a shekara. Ka juya wannan zuwa naira a canjin da ake ciki tun da aka saki darajarta a Yunin 2023. Ga shi kuma kasuwar aikin ta tsuke. Amurka ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, a 2025. Birtaniya ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan ta sanar za ta mai da shi 0.3 kafin ƙarshen 2027. Mutum ya sayar da gadon 'yan'uwansa a irin wannan yanayi, tamkar ya zubar da ruwan tulunsa ne don ganin hadari. Ka kuma sani tun Janairun 2024 ɗalibin da ya kai kansa irin wannan kwas na shekara ɗaya ba ya iya tafiya da iyalinsa. Ku zauna da maiɗakinka ku yi wannan magana tun yanzu.

Hanyar Ingila da na yarda da ita ita ce ta tallafi. Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana biyan kuɗin makaranta da jirgi da na zama. Tana buɗewa a watan Agusta, tana son aikin shekara biyu, wato awa 2,800, ka zaɓi kwas uku, ka kuma yi alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Akwai tallafin Commonwealth, akwai DAAD ta Jamus da ke da kwasa-kwasai na musamman ga ma'aikatan raya ƙasa masu aikin shekara biyu, akwai kuma na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya mai neman shekara uku. Yawancin jami'o'in can suna son sakamako mai daraja ta biyu ta sama, alhali a gida ta ƙasa ma takan samu shiga, muddin akwai takardar hidimar ƙasa.

Wajen cike takardu, abin da ke kayar da mutanenmu shi ne bayanin kai. Kowa ya rubuta cewa tun yana yaro yake son taimakon talakawa. Kai rubuta abin da ka gani: ƙauye kaza, an gina famfo, ya lalace, ba wanda ke da alhakin gyara, ga abin da ka yi, ga abin da ya gagare ka, ga darasin da ke cikin kwas ɗinsu da zai cike wannan giɓin. Ka nemi takardar sakamakon karatunka da wuri domin takan ɗauki lokaci, ka kuma samu mutum biyu da za su shaide ka, malami ɗaya da shugabanka na aiki, waɗanda suka san aikinka da gaske.

Da ni ne kai, ba zan ajiye aikina ba. Zan sayi fom ɗin ABU a bana, in ɗauki ƙauyukan da nake shiga su zama filin bincikena, in dage in koyi lissafin ƙididdiga da manhajar Stata ko SPSS da tattara bayanai ta manhajar KoboToolbox, domin masu ɗaukar ma'aikatan bibiya da tantance ayyuka abin da suke tambaya ke nan. In Agusta ta zo kuma in cike Chevening, tunda kyauta ne, kuma riƙe digiri na biyu na gida ba ya hana mutum nemanta. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.