Sharhi a kan sqlalchemy-cockroachdb: abin da yake ɗauke wa mai rubuta manhaja da abin da yake bar masa

Na gwada wannan ɗan kunshi, mai haɗa SQLAlchemy (kayan aikin Python na magana da rumbun bayanai) da rumbun CockroachDB, a kan manhajar lissafin buhunan taki mai shaguna a Katsina, Daura da Funtuwa, kowane gari da sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai. Rumbun bayanan CockroachDB ne, wanda ke ajiye kwafi 3 na kowane bayani, kuma ba ya amincewa da rubutu sai 2 daga ciki sun tabbatar. Wuta ta ɗauke a Daura, ciniki na ci gaba a sauran biyun.

Girka shi ba wuya: pip install sqlalchemy-cockroachdb, adireshin haɗi ya fara da cockroachdb://, tasha 26257. Sai dai a daidaita zubi, 2.0 da SQLAlchemy 2.0, 1.4 da 1.4.

Ainihin amfaninsa yana wurin run_transaction, umarnin da ke gudanar maka da aiki a kan rumbu. A ce buhu 10 suka rage, magatakarda biyu suka danna sayarwa a lokaci guda. Rumbun yana aiki ne a matakin SERIALIZABLE, wato ayyuka su fita kamar ɗaya bayan ɗaya aka yi su, don haka zai bar ɗaya ta wuce, ya mayar da ɗayar da kuskure mai lamba 40001, ma'ana a sake daga farko. Wanda ya saba da rumbun PostgreSQL a kan saba ɗaya yakan ɗauka wani abu ne ya lalace, alhali haka aka tsara shi. Wannan kunshi shi ke kama kuskuren, ya koma wurin da ya sa alama, ya sake gudanar da aikin. Kai dai ka tattara karatu da rubutu cikin aiki ɗaya ka miƙa masa. A nan ya cancanci yabo, domin rubuta wannan da hannu a wuri 30 ƙofar ɓarna ce.

Amma fa a kula: aikin da ka miƙa yana iya gudana sau 2 ko 5. Duk abin da ba na rumbu ba, kamar tura saƙon tes ga dillali, buga rasit ko cirar kuɗi ta POS, zai maimaitu, domin rumbu ba ya iya janye saƙon da ya riga ya fita. A fitar da su waje, sai bayan run_transaction ya dawo. Kada kuma a kira commit, umarnin tabbatar da rubutu, a ciki, shi ke yi. Sannan a sa max_retries (iyakar sakewa) da max_backoff (iyakar hutu tsakanin sakewa) da hannu. In an bar su yadda suka zo, zai yi ta sakewa ba ƙayyadewa ba hutu, ranar kasuwa kuwa abin sai ya cushe.

Abin da ba ya taɓawa shi ne kuskure 40003. Wannan yana zuwa ne idan layi ya yanke daidai lokacin tabbatarwa, ba a san ko rubutun ya shiga ba. Da irin intanet ɗinmu, dole a yi masa tanadi: kowane ciniki ya zo da lambar UUID, lambar shaida da ba ta maimaituwa, tun daga wayar magatakarda, ta zama mabuɗin cinikin a cikin rumbu, ta yadda in an sake turawa rumbu zai ƙi karɓa sau biyu. Wannan ya kuma raba ka da lambobin unique_rowid da rumbun ke ƙirƙira da kansa, masu tsawon da JavaScript ke gurɓata ƙarshensu ba tare da ya ce uffan ba.

Agogo ma ba ruwan kunshin da shi. Iyakar saɓanin lokaci tsakanin sabobi da rumbu ke jurewa, in an bar shi yadda ya zo, milisakan 500 ne, sabar da ta kauce da kashi 80 cikin 100 na wannan daga yawancin 'yan uwanta takan kashe kanta. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, aka tayar da ita da janareta, ita ce ta farko da za ta faɗi. A sa manhajar chrony ta daidaita lokaci kafin rumbu ya tashi.

Ga mai shago ɗaya, PostgreSQL ya ishe shi, kada ya ɗora wa kansa wannan kaya. Mai rassa 3 da ke aiki da Python kuwa, ina ba shi shawarar ya ɗauka, bayan ya karanta sharuɗɗan lasisin CockroachDB da suka canza a Nuwamba 2024.