Jema da gamba a cikin gida: ɗaya ta biya, ɗaya sai da lura

Yawancin masu sayar da furanni a bakin titin Kaduna ciyawar kafet suke tallata wa mutum, wadda in ta rasa ruwa a zafin Maris sai ta ƙone ƙurmus. Mu kuwa ruwan rijiyarmu da ƙyar yake kai mu ƙarshen rani. Shi ya sa da na samu wani mai lambu yana raba tushen jema da na gamba a leda, na saya na dasa a farkon damina.

Jemar ce ta burge ni. Na jera ta a gindin katanga, inda ruwan indararo ke cinye ƙasa duk shekara, taƙi guda tsakanin kowane tushe. Da farko kamar ba za ta yi ba, ganyen ya ɗan yi rawaya, ashe aikin a ƙasa yake. Saiwar jema ba ta bazuwa gefe kamar ta tofa, nutsewa take yi kai tsaye, don haka ba ta kutsa cikin gadon alayyahu ba, ba ta kuma taɓa harsashin gini ba. Kafin Satumba tushen sun haɗe sun zama shinge, ruwa na zuwa da gudu sai ya lafa, ya ajiye yashinsa a baya. Ciyawar fadama ce, na yi zaton rani zai kashe ta, amma ban-ruwa jefi-jefi ya ishe ta. Mahaifiyata da ta zo ta sa aka tono mata saiwa kaɗan, ta ce tun suna yara da ita ake haɗa turaren wuta.

Gamba kuwa kyakkyawa ce, ba gardama. Idan ta fitar da kai a ƙarshen damina, iskar yamma na kaɗa ta, ba furen da na gani a lambun nan da ya kai ta. Sai dai mai lambun bai gaya mini irin girman da take yi ba, kuma a nan nake ganin laifinsa. Tana haura mita 3, ta rufe mana tagar ɗakin girki. Da hunturu ya shigo ta bushe ƙayau, kusa da inda ake hura gawayi. Wannan ba abin wasa ba ne: a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta don kiwo a shekarun 1930, yanzu yaƙi ake da ita saboda yadda take ƙara wa gobarar daji ƙarfi, har aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayin ƙasar a 2012. A nan gidanta ne, dabbobi na ci, masu zana na yanka, amma tsakar gida ba daji ba ce.

Na yanke ta ƙasa-ƙasa, na ba wani maƙwabci karan ya yi zana, na mayar da tushen can ƙarshen fili. Mai ƙaramin gida ya tsaya ga jema. Mai fili ya haɗa duka biyun, amma ya riƙa share gindinsu saboda macizai, kuma ya nemi tushe mai ɗanyar saiwa, don ledojin da suka daɗe a rana ba su kama mini ba.