Kafin ka sayi allon ƙaramar na'ura, tambayi sunan cif ɗinsa

Mai haɗa ƙaramar na'ura yakan zaɓi allo da ido: inci nawa ne, launi ya fito ko bai fito ba. Ni kuwa sunan cif ɗin da ke bayan gilashin, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa allon, nake fara tambaya, don shi direba, wato manhajar da ke tafiyar da allon, zai yi wa magana, kuma shi ke sa aiki ya ƙare a yini ɗaya ko ya ci mako biyu.

In lambobi da 'yan kalmomi kawai za ka nuna, ɗauki allon OLED mai cif ɗin SSD1306. Ɗigo 128 a kwance, 64 a tsaye, launi ɗaya, hoton duka bait 1024 ne, wayoyi biyu na I2C, wata hanyar aika bayanai tsakanin na'ura da allo, sun ishe shi, galibi a adireshin 0x3C. Ko Arduino Uno mai RAM kilobait 2 yana iya ɗaukarsa. Sai dai ka kula da na inci 1.3. Na taɓa sayen ɗaya da sunan SSD1306, na kunna, rubutu ya goce gefe, ga wani siririn layin datti a bakin allon. Ashe SH1106 ne, wanda ma'adanarsa ke da ɗigo 132 a kwance maimakon 128, dole a tura hoton gaba da ɗigo biyu. Da na sauya sunan cif a U8g2, manhajar da nake zana wa allon da ita, nan take ya daidaita.

Mai son launi, ILI9341 da ST7789 ne a gabansa, duka ta SPI, hanyar aika bayanai da ta fi I2C sauri. Nan lissafi ya zama dole. Allo mai 240 da 320, kowane ɗigo bait 2, hoto ɗaya bait 153,600 ke nan. A gudun 40 MHz, tura shi yana cin kusan milisakan 31, wato hoto talatin da 'yan kai a sakan in komai ya tafi daidai. Allon na'ura na ESP32 zai iya, musamman da DMA, wato tura bayanai ba tare da tsayar da ƙwaƙwalwar na'urar ba, kuma manhajar zane ta LVGL na sabunta wurin da ya canza ne kaɗai. ILI9341 ya daɗe a hannun mutane, da wuya ka gamu da matsalar da wani bai riga ya warware ba. ST7789 kan zo da gilashin IPS mai kyan gani ta kowane gefe, amma sau da yawa sai ka aika masa umarnin 0x21, in ba haka ba fari ya koma baƙi. In ja ya fito shuɗi kuwa, duba rajistar 0x36, nan ake sauya tsarin launin da juyin allon. Kuma bayan umarnin farkawa, 0x11, ba shi milisakan 120 kafin ka ci gaba. Gaggawa a nan farin allo take haifarwa.

Wanda nake jan kunne a kansa shi ne ILI9488 mai 320 da 480. Girmansa na da jan hankali, amma ta SPI cikakken launi sai da bait 3 ga kowane ɗigo, bait 460,800 ke nan a hoto guda. ST7796 girmansu ɗaya, kuma yana karɓar bait 2. Shi zan ɗauka.

Daga 800 da 480 zuwa sama magana ta canza. A wannan girman galibi allon RGB ne, wanda ake aika wa launin kowane ɗigo kai tsaye, kuma ba ya riƙe hoto da kansa, na'urarka ce za ta ajiye bait 768,000 tana ta zuba masa ba tsayawa. Sai irin su ESP32-S3 mai ƙarin ma'adana ta PSRAM, ko STM32F429 da ma'adanar SDRAM a gefe, kuma lambobin lokacin kowane layi dole su fito daga takardar bayanin gilashin.

Mai aiki da Linux ya fara leƙa rubutun manhajar kanel, wato zuciyar Linux, ya ga ko cif ɗin na da direba a sashen DRM mai kula da allo; in akwai, saura 'yan layuka a bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke gaya wa Linux kayan da aka haɗa. Kowanne ka zaɓa, nemi jerin umarnin farawa na wannan gilashin daga mai sayarwa kafin ka biya, don allo biyu masu cif ɗaya na iya bambanta a saitin matakan haske (gamma) da wutar lantarki. In ya ce ba shi da shi, sayi guda ɗaya ka gwada tukuna.