White Risk: yadda na same ta bayan hunturu a kan tsauni

Duk wanda zai bar hanyar da aka gyara wa masu zamiya a kan dusar ƙanƙara ya kutsa cikin tsaunukan Alps, kafin ya ɗaura takalmi sai ya duba rahoton haɗarin zaftarewar dusar. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta ta SLF da ke Davos ce take fitar da shi, sau biyu a rana idan hunturu ya kankama: ƙarfe 5 na yamma da ƙarfe 8 na safe. Ni a manhajarsu ta White Risk nake karanta shi, kuma a gaskiya ta biya ni.

Da ka buɗe, taswira ce za ta tarbe ka, kowane yanki da launinsa. Matakan haɗarin biyar ne, irin waɗanda ƙasashen Turai suka amince da su tun 1993: kore a mataki na 1, rawaya, ruwan goro, ja, har zuwa na 5 wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake yin asarar rai shi ne mataki na 3, domin kusan rabin waɗanda suke mutuwa a nan suke mutuwa. A mataki na 4 yawancin mutane suna zama gida, amma na 3 yana tsakiyar ma'auni, sai ido ya ɗauke shi a matsayin "da dama-dama". Shi ya sa na ji daɗin ƙarin da suka yi tun hunturun 2022, inda ake rubuta 3-, 3= ko 3+, wato ƙasa-ƙasan matakin, tsakiyarsa ko samansa. Tsakanin 3- da 3+ akwai tafiya mai nisa.

Amma abin da ya fi amfanata ba lambar ba ce. A ƙarƙashinta akwai ɗan zanen kusurwoyi da ke nuna gangaren da ya fi haɗari, a ce masu fuskantar arewa da gabas, daga tsayin mita kaza zuwa sama, tare da bayanin irin matsalar da ake ciki: sabuwar dusa ce, ko wadda iska ta kwaso ta jibge a bayan tsauni, ko jiƙaƙƙiya, ko wadda ke zamewa gaba ɗaya daga ƙasa, ko kuma raunin da ke binne a ciki tun makonni. Wannan na ƙarshen shi ne mugu. Wata safiya rahoton ya ambace shi, sai muka haƙa rami a wuri mai lafiya don mu gani da idonmu. Sama da ƙwari take, a dunƙule, shebur yana yanka ta da ƙyar. Can ƙasa kuwa sai ga wani sashe da ba ya dunƙuluwa ko kaɗan, yana zubewa ta tsakanin yatsun safar hannu kamar sukari. Da muka ci gaba a fili, ƙasa ta yi wani ƙara a ƙarƙashinmu, "wum", ta ɗan lotsa, tsaga ta tashi daga bakin katakon zamiyata ta miƙe gaba. Abin da aka rubuta ke nan, babu ragi. Muka bar gangaren da muka yi niyya.

Taswirar tsara hanya ma ta yi. Tana shafa launi a duk inda gangara ta kai digiri 30, kuma mafi yawan zaftarewar daga nan zuwa digiri 45 take tasowa. Ido ba ya iya auna wannan, musamman idan hazo ya sauko komai ya zama fari.

Sai dai a san iyakarta. Rahoton na yanki ne baki ɗaya, ba na gangaren da kake tsaye a kai ba, kuma su kansu ba su ɓoye hakan ba. Yawancin waɗanda dusa ta binne, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita, don haka hukunci yana hannun mai tafiya. Sannan manhaja ba ta tono mutum. Wannan aikin na'urar nema ne mai aiki a kan 457 kHz, wadda ake ɗaurawa a jiki don a gano inda dusa ta binne mutum, da sandar soka dusa, da shebur, kuma bayan kamar minti 15 a binne damar fitowa da rai tana faɗuwa da sauri. Ga shi waya tana rikita wannan na'ura: a raba su da aƙalla santimita 20 a jiki, 50 kuma lokacin nema. Sanyi kuma yana zuƙe batirin kowace waya, don haka nakan sauke taswirar tun a masauki, in rubuta kusurwoyi da tsayin da aka yi gargaɗi a kansu a 'yar takarda.

Wanda bai taɓa zama ajin koyon sanin dusa ba, sashen darussan da ke cikin manhajar zai taimaka masa, amma ya haɗa da fita tare da ƙwararren jagora. Rahoton yana fitowa da Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Turanci.