Sabara ce ko geza? Amsa ga mai sabuwar gona

Salamu alaikum 'yan uwa. Malam da ka ce ka sayi fili ka tarar da wasu 'yan itatuwa sun cika shi, wani ya ce maka sabara ce wani ya ce geza, to ga yadda za ka raba su.

Fara da ganye. Tsinko ɗaya ka juya bayansa, in sabara ce za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana kamar an barbaɗa barkono, ganyen kuma toka-toka ne mai laushi, ko daga nesa ka hango ta fari-fari take kamar ƙura ta bule ta. Geza ganyenta kore ne sosai yana ɗan sheƙi, in rani ya shigo sai ya rine ya koma ja-ja kafin ya zube.

'Ya'yan ma ba su yi kama ba ko kaɗan. Furen sabara dunƙule yake, rawaya-rawaya, 'ya'yanta sirara masu gashi a cure wuri ɗaya kamar ƙafafun gizo-gizo. Na geza fukafukai huɗu gare su, in sun bushe launin ƙasa.

Amma ni abin da ya fi damuna ƙasar taka ce wallahi, don sabara jigawa take so, rairayi, saurar da aka noma har ta gaji, ita kuwa geza ta fi kama fako da marmara da wurin tsakuwa inda ruwan sama ke gudu bai shiga ba. In sabara ce ta yi yawa da sauƙi, taki kawai gonar ke nema, gero da wake za su yi. In geza ce akwai aiki, sai an haƙa ramuka ko rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira mai tare ruwan sama, an zuba taki don ruwa ya tsaya.

Don Allah kar ka tumɓuke su duka. Duba gindin sabara ka ga yadda ƙasa ta taru ta yi tudu, abin da iska ta kwaso ne ta tare, shi ya sa geron kusa da ita ya kan fi kyau. Manoman Maraɗi sassaben zamani suke yi, a bar reshe biyu uku masu ƙarfi a kowane kututture a sare sauran. Ga masu jego na neman sabara, geza kuma ana saƙa kujera da kwando da tsumagunta.

Turo mana hoton bayan ganyen da na ƙasar wurin mu gani.