Kwamfuta ko ɗakin gwaji: ta wace ƙofa za a shiga binciken garkuwar jiki?

Ɗalibai daga ƙauyukan Ringim da Bichi sun sha tambayata: mai son haɗa ilimin kwamfuta da binciken garkuwar jiki, wanne zai fara karantawa?

Wajen kuɗi, kwamfuta ta fi sauƙi. Python da R, wato harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, kyauta ne, haka ma bayanan ƙwayoyin halitta da ke rumbun intanet na NCBI, cibiyar bayanan kimiyyar halittu ta Amurka. Da kwamfuta da sola da data, kana ƙauyenku za ka fara nazari. Haɗarinta shi ne ka fitar da lissafi tsaf, alhali ba shi da ma'ana a jikin ɗan Adam.

Ɗakin gwaji kuwa dole ka bar gida, ka tafi Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga tsadar sinadarai. Amma a can za ka fahimci dalilin da ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da ƙananan yara, manya kuma suke samun ɗan kariya bayan sun sha kamuwa. Irin wannan sanin, a ganina, ya fi daɗewa, domin manhajoji kullum sauyawa suke.

Mai ƙarfin lissafi da ƙaramin aljihu ya fara da kwamfuta. Mai haƙurin maimaita gwaji, wanda zai iya zaman birni, ya nufi ɗakin gwaji, ya koyi Python daga baya.