Ya iya rubuta Hausa, amma kunnensa ya cika tsawo

Wata uku ke nan ina amfani da wani shafin intanet mai mayar da magana rubutu, kuma in don aikin da na biya kuɗi a yi mini ne, da babu abin da zan ce sai sambarka. Ni ne magatakardan ƙungiyar unguwarmu, rahoton taro kuwa a da yakan cinye mini dare guda ina latse-latsen waya. Ranar da na fara gwada shi na ce masa "ya kasa sayen ƙasa", sai ga kowace kalma ta fito da harafinta, mai ƙugiya da marar ƙugiya, abin da masu buga takarda da yawa ba su damu da shi ba. Yana tuntuɓe a sunayen ƙauyuka, idan janareto na ruri kuma sai ya yi ta shirme, amma ban ɗauki waɗannan laifi ba.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne wani daren Laraba. Ina cikin karanta masa rahoto sai ƙanena ya yi sallama, na danna maɓallin da na zaci na tsayawa ne, na kife wayar a kan tabarma. Ya zauna ya ce, "Yaya, maganar gonar gadon nan ce ta kawo ni," daga nan muka shiga zancen bashin da ake bin marigayi mahaifinmu, har da sunan mai bin bashin da adadin kuɗin. Bayan kwana biyu ina laluben wani tsohon rahoto a sashen tarihi, sai na ci karo da sauti na minti 11. Da na kunna, muryar ƙanena ce tangaram, har ƙarar cokali a kofin shayi ana ji. Ashe rubutun kawai maɓallin yake dakatarwa, makirufo yana nan a buɗe yana kwasar magana zuwa rumbun kamfanin.

Na goge nan take, rubutun ya ɓace, amma da na shiga ta kwamfuta washegari sautin yana nan daram. Sai a lokacin na zauna na karanta sharuɗɗan da na amince da su ido rufe, dogon turanci mai gajiyarwa, na tarar sun ba kansu damar ajiye sauti domin inganta aikinsu, ba tare da faɗin ranar da za su share ba. Wannan kalma ta ingantawa ita ce ta hana ni barci, domin a 2019 an bankaɗo cewa Amazon da Google da Apple duk suna da ma'aikatan da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin jama'a don gyara manhajojinsu, har Apple ya nemi afuwa, daga baya kuma a 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don sasanta ƙarar da aka shigar kan Siri, manhajarsa mai amsa umarnin murya. Idan manyan ma haka ta kasance da su, ina ga ƙaramin shafin da ko adireshin ofis bai rubuta ba?

Na aika musu imel sau biyu ina neman a share sautin, na kuma ambaci Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa da kuma kai koke ga hukumar da dokar ta kafa. Amsa ɗaya na samu, irin wadda na'ura ke turowa, ana gode mini da tuntuɓa. Ni dai a ce na cuci kaina da gaggawar danna amincewa, to ƙanena fa, wanda bai taɓa buɗe shafin ba balle ya yarda a naɗi muryarsa? Kalmar sirri idan ta fita ana sauya ta, murya kuwa ba a sauyawa.

Da farko na yi niyyar ba shi tauraro huɗu saboda Hausarsa, yanzu ko biyu ina jin na yi kyauta. Na shiga burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, na janye wa shafin izinin makirufo, sai in zan yi rahoto nake mayar masa, ƙofa a rufe, in sake ƙwacewa da na gama. Saura kwana 9 kuɗin watana ya ƙare, kuma ba zan sabunta ba. Ƙanena kuwa har yau na rasa bakin da zan gaya masa.